Kafaɗar Barewa a Kan Faranti

Shekarar da maigidana ya karɓi lasin farauta, bakina ya ja mini. Na miƙe a taron zumuntar mata na ce ranar godiyar kaka ni zan kawo dambun naman barewa, wanda zai ishi kowa a coci. A lokacin barewar tana daji tana cin ciyawarta.

Wanda ya koya masa farautar wani dattijo ne baƙar fatar Amurka, maƙwabcinmu a East Greensboro, muna ce masa Baba. Bindigoginsu iri ɗaya ne, a kan harsashi suka rabu. Sai su baje kwalayen harsashi a teburin kicin su yi ta musu, ina yanka albasa ina ji. Na Baba mai nauyi ne, ba ya gudu sosai. Na maigida mara nauyi, lambar gudun da ke jikin kwalinsa ta fi ta kowa. Baba ya ce masa wannan na harbin nesa ne, yana matsa wa bindiga, dajin nan kuwa itatuwa ba sa barin mutum ya hango nesa.

Maigida bai yarda ba. Mahaifinsa a gida da harbi-ka-ruga yake farauta. In dabba babba ce a ƙara albarushi, in bindiga ba ta ture mutum ba, to ba a yi harbi ba.

"Maman yara, ke ba ki san bindiga ba," in ji shi, ina shafa masa man zafi bayan sun dawo daga wurin gwajin harbi.

"Na dai san kafaɗa. Ɗaga hannun mu gani."

Hannu bai ɗagu ba.

Asabar ɗin farko da suka fita farauta kowannensu ya samo barewa. Matar Baba ta rasu, don haka gyaran naman duka ya faɗo kaina. Na rufe wa bareyin idanu da tsumma, don ba na iya kallo, na gode wa Allah, na sa wuƙa. Ta Baba ƙaramin rami ne, harsashin ya buɗe kamar naman kazan da ke tsirowa da damina, na same shi ɗungurungum ƙarƙashin fata. Ta maigida kuwa kafaɗa ta yi baƙi ƙirin, harsashi ya tarwatse, ina tsintar ɓarɓashi kamar tsakuwa a shinkafar gida. Na zubar da nama mai yawa. Da na matsa masa, ya ce sai da suka bi jininta da nisa kafin ta faɗi. Wannan ya fi asarar naman damuna.

Na jera kafaɗun biyu a faranti na ajiye a gabansu.

"Baban yara, kwali ya faɗi nasa. Ga abin da nama ya faɗa."

Baba ya yi dariya har da tari, ya ce in ɗauki nasa naman in cika alkawari. Maigida ya ce matarsa ba za ta ciyar da coci da barewar wani ba. Ya tura kwalinsa gefe, ya jawo na Baba, fuska a murtuke.

Saura mako ɗaya. Sai da ya koma wurin gwaji, don mai nauyi ba ya sauka inda mara nauyi ke sauka. Ranar Asabar ya koma daji, na wuni ina leƙen taga ina addu'a, rabi don nama, rabi don kada barewar ta sha wuya. Da la'asar motarsa ta shigo.

"A wurin ta faɗi," ya ce tun bai sauko ba.

Dambu ya ishi kowa, har matar fasto ta ƙulla saura a leda. Ina kwashe kwanoni na jiyo maigida yana koya wa maza cewa gudu ba shi ne harbi ba. Na wuce abina.