Katakon Bayan Jirgin Malam

Wata Asabar bayan ƙaramar salla, shekara biyu da rasuwar maigidana, ɗana Sani ya sa zarto a bayan jirgin faiban ubansa, irin kwale-kwalen nan mai jikin roba, a tsakar gidanmu na Barkin Sale. Ni na tilasta shi. Shi so yake ya shafe tsagar da ke wurin da gam, ya mayar da jirgin tafkin Shiroro ya ci gaba da jigilar 'yan kasuwa, na ce ban yafe ba in ya sa ƙafa a ciki kafin a buɗe. Da fatar faiban ta ɗaga, katakon da ake rataya inji a jikinsa ya zubo baƙi ƙirin kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Na damƙa na matse, ruwa ya ɗiga. Nan na zauna a ƙasa ina kuka, domin tun ina 'yar shekara tara na san wannan abin.

A wani ƙauyen masunta na tashi, bakin kogin Kaduna, tun ba a datse ruwan ba. Gyaran kwale-kwale ne sana'ar Baba. In ruwa ya ja da kaka, sai a jawo jirage a kife su a kan yashi, mu yara mu yi ta ɓuya a ƙarƙashinsu muna tonon ƙaguwa har iyaye su gaji da kira. Da safe nakan wanke tukwane da yashi, in juya wa Inna kifi a kan banda, in je fadama korar tsuntsaye daga shinkafa. Rana na ɗagawa zan ruga wurin Baba da ƙwaryar kunu, in yayyaga masa tsummokaran da ake cusawa a tsaga, in hura wutar narkar da kwalta. Yakan bi jikin jirgi da ƙotar gizago yana ƙwanƙwasawa, ya ce in kara kunne. Lafiyayyen katako tas yake amsawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun gari. Inda ya ji haka zai yi ta sara har ya iske jan maɗaci mai kyau. "Ba a rufe ruɓa, Hajara, cire ta ake yi." Guntayen da ya cire ni yake ba in kai murhu, don kada wani mai ganda ya tsinta ya ƙara bugawa a jirgi.

Akwai al'adar da ba wanda ya isa ya karya a garinmu. Duk jirgin da aka gyara, mai gyaran ne zai fara haye kogi da shi, da ɗansa na cikinsa a zaune, kafin mai shi ya karɓa. Baba ba shi da namiji a lokacin, don haka ni nake zama a tsakiya, tafin ƙafata a kan sabon katako, in na ji danshi in faɗa. Akwai ranar da na ce na ji. Mai jirgin yana bakin gaɓa da kayan kasuwarsa yana faɗa, wai a kan maganar yarinya za a ɓata masa rana. Baba ya juyo, ya sa aka kife jirgin, ya kwana biyu yana sake aikin.

Aure ya kawo ni Minna, na tsufa a cikinta. Da maigidana Malam Audu ya sayi tsohon jirgin faiba ya kawo gida a gyara, wani mai gyara ya zo daga Tunga a kan babur da galan ɗin gam. Na ƙwanƙwasa bayan jirgin da muciya, na ji abin da na sani, na ce akwai ruɓa a ciki. Mutumin nan ya dube ni ya yi dariya. "Mama, ai faiba ba ya ruɓewa. Ki je ki duba tuwonki." Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce in ƙyale masu ilimin abin. Na ƙyale su, kuma shirun nan shi ke cina har yau. Ina kallo mai gyaran ya leƙa ramin ƙusa, ya ga baƙi, ya shimfiɗa sabon faiba a kai, ya bi da shuɗin fenti. Da damina iska ta taso musu a tsakiyar tafki, injin ya ɓalle, ya tsage bayan jirgin. Masunta sun ceto fasinjojin, sun jawo jirgin. Malam sai washegari aka same shi. Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma wanda ya ga baƙin katako da idonsa ya shafa masa fenti, ni da shi sai a gaban Allah.

Wannan karon ban yi shiru ba. Da ƙafata na je kasuwar katako na zaɓi busasshen maɗaci. Na zauna a kan turmi kwana biyar, kafinta yana kankare ruɓar har ƙasa. Na sa ya buɗe haƙarƙarin jirgin ma, biyu sun tafi, aka sauya su. Kowane katako sai da ya sha gam ta ko'ina kafin a rufe. Da aka gama na ce wa kafintan ya zo ya fara hawa, ya ce Mama rufa mini asiri, ni ko iyo ban iya ba. Sai na ɗaura gyalena na bi Sani har Shiroro, na tuɓe takalmi na zauna a ciki, muka je tsallake muka dawo. Ƙafata a bushe na fito.

A da mai gyara maƙwabcinka ne, tare kuke shan ruwan kogi ɗaya. Yanzu yana gama shafa fenti zai tayar da babur, ba ka san ko ƙofar gidansa ba. Sani ya koma ruwa, ban hana shi neman abincinsa ba. Kullum bayan la'asar nakan ajiye waya a cinyata, ba na iya cin komai sai ta yi ƙara na ji muryarsa.