Matar da Aka Sa wa Sunan Ƙwaron Masara

A ƙauyenmu na kan hanyar Tabora zuwa Nzega, idan ka tambayi yara wace ce Kalunde, ba za su sani ba. Amma ka ce Dumuzi, nan take za su nuna maka kabarinta.

Bazawara ce. Tana sayar wa direbobin manyan motoci tuwon masara da wake a bakin titi. A wurinmu da sunan ɗanta ake girmama mace, don haka Mama Shija muke ce mata. Shekarar da damina ta yi gardama, wani direba ya sauke mata buhun masara. Ba ta ɓoye ba. Ta riƙa aunawa da kwano tana aikawa gida-gida. Mun ci, kowa ya ci.

Bayan girbin da ya biyo baya sai ga wani ɗan ƙwaro mai taurin baya wanda kakanninmu ba su san shi ba. Mu masararmu da totuwarta da ɓawonta muke jera ta a saman madafa, hayaki ya tsare ta. Haka muka gada. Wannan ƙwaro kuwa hayaki bai dame shi ba, kuma tsakanin ƙwayoyin da ke manne da totuwa ya fi samun wurin shiga. Sai mace ta ga gari yana zubo mata a ka tana girki. Har itacen rumbu yake hudawa. Samari suna ce masa babbar mota saboda faɗin goshinsa. Manya suka sa masa dumuzi, wato ɗan fashi. Aka fara raɗe-raɗin cewa a buhun masarar Kalunde ya shigo ƙauyen.

Wata rana a bakin rijiya wata ta ce, "Ku matsa, ga Dumuzi nan tafe." Aka yi dariya. Wadda ta faɗa ɗin, kwano biyu aka kai gidanta a shekarar yunwa.

Sunan ya bi ta. Mata suka daina barin ta ta wuce ƙofar gida. Sannan aka ji cewa tata masarar ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba. Dalilin kuwa a fili yake. Mai dafa tuwo kullum ba ta da lokacin hawa saman madafa, don haka tun da kaka take murje tata, ta shanya, ta zuba a duron ƙarfe da direbobi suka bar mata, ta rufe gam. Duk wanda ya taɓa cin tuwonta ya ga duron nan.

Maganga, yayan mijinta, shi ma ya gan shi. Amma gonar marigayi mijin nata, wadda take nomawa, tana jikin tasa, kuma ƙasar wurin tana da kyau. Ya tara dattawa a gindin mangwaro.

Ya ce, "Ƙwaro ya ci na kowa ya bar nata. Ai ɗa ba ya cin kayan uwarsa. Ta koma garinsu da 'ya'yan nata."

Kalunde ta kira shi yadda muke kiran ɗan'uwan miji, ta ce, "Shemeji, lokacin da kake suɗe kwanona ba ka ce uwar ƙwari ce ta dafa ba."

"Kun ji bakinta ko?"

"Ba bakina kake kallo ba, gonata kake kallo. Tun ranar da aka rufe ƙanenka idonka bai bar ta ba."

Dattawa suka dubi ƙasa. Aka ce ta bar gonar kafin ruwan shuka.

Ruwan ya zo. Aka hau saman madafa neman iri, aka sauko da totuwa fayau, kana matsawa ta zama gari. Duk ƙauyen babu irin shuka sai a duro ɗaya.

Suka taru a ƙofarta da kwanuka, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Ta fito ta zauna a kan duron.

Ta ce, "Wa kuke nema? Idan Dumuzi ce, ita ba ta bayarwa, ci take yi. Ku faɗi wadda kuka zo wurinta. Da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya."

Matar bakin rijiya ce ta fara, murya can ƙasa. Kalunde ta ce ba ta ji ba. Sai da ta ɗaga murya ta ce Mama Shija, sannan aka auna mata. Haka aka yi ta yi har rana ta take.

Maganga bai zo ba, matarsa ya aiko. Kalunde ta mayar da ita da kwanonta wayam, ta ce mai bakin ya zo da kansa. Ya ƙi. Waccan damina ciyawa ce ta rufe gonarsa, ita kuma ta shuka tata har kan iyaka. Ba a sake tayar da maganar korar ba, ba a kuma janye ta ba. Aka dai bar ta.

Daga baya kowa ya koyi murje masara. Ban ji wanda ya faɗi a ina ya gani ba. Ta tsufa a gonarta. Ranar da ta cika, wanda ya zagaya da sanarwa cewa ya yi, "Dumuzi ta rasu." Kakansa da irinta ya yi shuka.