Dawar da ta sha hayaƙi a Mayo Gwoi

Mun tashi da asuba, ni da gwaggona da jakin aro, muka nufi Jalingo neman irin shuka. Da yawanku kun ji labarin gobarar da ta cinye mana ɗakin girki. Abin da ba kowa ya sani ba, irin dawarmu duka yana rataye a saman murhu, inda ake barinsa ya sha hayaƙi don kada ƙwaro ya huda shi, da shi wutar ta tafi. Ruwa ya sauka sau uku, maƙwabta sun shuke nasu. In mako ya ƙara wucewa, bana ba mu da tuwo.

Kafin mu fita na yi addu'a irin tawa ta mai bishara. Na roƙa wa Sarkin Ingila, da Joji, Baturen mulkin yankinmu, da waɗanda ba su ji Maganar Allah ba tukuna. Iri kuwa ban ambata ba, don kunya nake ji in kai wa Ubangiji zancen dawa. Ina cewa amin gwaggo ta ɗora tata: "Uba, yaron nan ya manta abin da ya fito da mu. Iri muke so, ja, mai saurin nuna. Ka kuma duba ƙafar jakin nan ta baya."

Hanya laka ce tun daga gangaren duwatsu. Leburorin En'e, wato hukumar gargajiya, suna cike ramuka, mota ɗaya tak ta wuce mu, ita ma sai da ta yi mana wanka da taɓo. Wajen Kona muka sha nono a gindin ɗorawa, jaki na ɗingishi, gwaggo na ba shi haƙuri.

Kasuwar Jalingo ta cika, Hausa iri-iri a bakin kowa. Wani Bakano ya nuna mini dawa tsaf, ba ko tsakuwa, kuɗinta ya kusa ninka na bara. Har na kai hannu aljihu, sai gwaggo ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙoƙon ruwa, rabi ya taso sama. Ta ce wannan ta tuwo ce, ƙwaro ya riga mu cin cikinta. Rumfa biyar muka zaga, duk labarin ɗaya. Na ji zuciyata ta karye, don ni na ce mu zo.

Mun juyo hannu wofi sai hadari ya haɗo. Kafin mu kai Mayo Gwoi rafin ya cika, ba halin ƙetarewa. Ina ta mita, wata tsohuwa Bafulatana ta leƙo daga zana, ta ce mu shigo ɗakin girkinta mu sha ɗumi. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika mini ido, na ɗaga kai don in huta. A can sama na ga zangarnun dawa rataye, baƙi ƙirin da kunkunniya. Na taɓa gwaggo, ashe ta riga ni gani.

Muka ba tsohuwar labarin gobara, na ce ta sayar mana. Ta ce ɗanta ya riga ya shuka, wannan ta ajiye ne ko ruwa zai ɗauke a sake shuka. Ta tura itace a murhu. Can ta miƙa mini turmi in taka, ta ce, "Iri ba a saida shi, Malam. Sauke, ka raba biyu. Allah da ya kawo ku shi zai duba nawa gona." Gwaggo ta murza ƙwaya a tafin hannu, ja ce. Sai ta riƙe hannun tsohuwar tana ce mata Dada, wato uwa, hawaye na zuba.

A nan muka kwana. Da safe rafi ya janye, muka iso gida da la'asar, washegari muka shuka, yanzu har ta tsiro.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ashe girman kai ne nake kira kunya. Ubangijin da ya koya mana roƙon abincin yini ba zai raina zangarniya ba. Yanzu kowace safiya, kafin in kai ga Sarkin Ingila, nakan ce, "Uba, kada ruwa ya ɗauke a gonar Dada, rabin irinta yana wurinmu." Gwaggo kan ce amin, sannan ta tuna mini da ƙafar jaki.