Mijina Yamma Yake Fuskanta

Aji huɗu na tsaya a makaranta, can Salaga, aka mayar da ni taya babana tsaron doya. Amma ko ni na san bambancin Makka da ɗakin wanki. Uwar mijina ce ta ƙi sani.

'Yarmu tana wata biyar maigidana ya samu aikin wanki da guga a sansanin sojojin Amurka. Wanda ya kawo aikin ya ce Gabas ta Tsakiya ne. Mma, wato uwarsa, "gabas" kawai ta ji, ta watsar da sauran. Mu a Zangon Yendi in aka ce mutum ya tafi gabas, ai hajji ake nufi. Kafin la'asar mata sun fara shigowa barka, ni ina raba goro kamar sakarya.

Na ce, "Mma, kakin soja fa ya je wankewa."

Ta ce, "Ke yarinya, ko kaki ne ai da ruwan can ake wankewa. Ki ce ya taho min da zamzam."

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ci mini rai, an sauke su maigidana a wata ƙasa, aka sake kwashe su zuwa wata, aka hana shi faɗin sunanta a waya. Wai doka. Mutane sun baro gidansu, sun tsallake teku, sun kafa shinge a ƙasar wasu, sannan matar mai wanki ce za ta tona musu asiri! Wa zan gaya wa? Mai ƙosai?

Ran nan ina dama koko, rediyo ya ce an kai hari wani sansani a wata ƙasa, ma'aikata sun ji rauni. Na riƙe sunan ƙasar a bakina ina ta maimaitawa kada ya kuɓuce. Kwana biyu wayarsa ba ta shiga. Yayansa na Bawku ya ce in kwantar da hankali, su can da rikicin garinsu, sojoji a ƙofar gida suke gani kullum. To sannu, Yaya. Ni nawa ban ma san ƙofar da yake ba.

Rana ta uku bayan azahar ya kira. "Lafiya lau," in ji shi. Mutumin da ko ƙafarsa aka yanke lafiya lau zai ce. Na tambayi harin, ya ce yaya 'yar, ta fara rarrafe? Haushi ya kama ni, sai dabara ta faɗo mini.

"Baban yarinya, in za ka yi sallah, ina kake fuskanta?"

Ya yi dariya. "Inda rana take faɗuwa."

Ashe Mma ta manna kunne kusa da wayar. Ta saka salati. "Yamma? Sun juya min ɗa! Wallahi sun juya shi!"

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba ta ja ni, goyo na tsalle a bayana, sai zauren Afa, malamin unguwarmu. Ya saurara har ta gaji. Ya ajiye goro ɗaya a ƙasa ya ce wannan Ka'aba ce. Ya dangwala yatsa gefe, ya ce nan Yendi, gabas muke kallo. Ya tsallake goron ya dangwala. "Wanda ya wuce Makka, dole ya waiwayo. Ɗanki bai bar addini ba, Mma, wuce wuri ya yi."

Na faɗi sunan ƙasar da rediyo ya ambata. "Su kuma fa, Afa?"

Ya kai yatsa saman goron. "Waɗannan kudu suke fuskanta."

Nan na zauna daɓas a kan tabarmar ɗalibai. Ba sansaninsa ba ne. Kwana uku sai lokacin na ji yunwa.

Mma kuwa tana tsaye, ta zuba wa goron ido.

"Wato ta gaban Makka ya wuce, bai sauka ba?"

Afa ya ce jirgi ba lorin Gushegu ba ne da za a buga masa a ce direba tsaya.

Ta gyara ɗaurin zani. "Zai dawo ya same ni. Ke kuma ki ce masa, a hanyar dawowa kada ya manta zamzam ɗina."