Baba Hamid da Jirgin Jamusawa

Baba Hamid maƙwabcina ne a unguwar Harra ta Gabas a Madina, kuma ban taɓa ganin wanda zama wuri ɗaya ke gagara irinsa ba. Shekara talatin yana tuƙa bas tsakanin Madina da Yanbu. Yana sauke fasinja sai ya nufi bakin teku ya ƙura wa jirage ido, amma bai taɓa yarda ya kwana a can ba. Kakansa da ƙafa ya tako daga Katsina don ya mutu a Madina, a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Gidansu kaf sun gaji tsoron nan, kada ajali ya riski mutum a wajen gari.

Da ya yi ritaya sai abin ya ta'azzara. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. 'Yarsa Afnan, likita a Jidda, ta gaji da ganinsa haka, ta yankar masa tikitin wani jirgin ruwan shaƙatawa na Jamusawa, kwana tara daga Jidda zuwa Maskat.

"In na mutu a ruwa fa?" in ji shi.

"Halas, ya Baba, yalla!" ta ce, wato ya isa haka, ya tashi ya tafi. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa.

Sau uku yana fasawa. A ƙarshe ya ninke likkafaninsa da aka wanke da Zamzam, ya sa a ƙasan akwati, ya bi gida gida yana neman gafara kamar mai tafiya yaƙi. Mu dai dariya muka yi ta yi masa, Allah ya yafe mana.

Ya dawo lafiya lau, har da ƙiba. Ya ba mu labarin ɗaki mai baranda a kan ruwa, da ma'aikacin da ke nuna masa alƙibla duk sanda jirgin ya juya, da wani tsohon Bajamushe da suka yi ta shan shayi tare, ba mai jin yaren wani. Amma fa natsuwa ba ta samu ba. Zirga-zirgar ma ƙaruwa ta yi.

Ran nan bayan La'asar na tare shi a ƙofar gida. "Baba, ba ga shi ka dawo da ranka ba? Me kuma ya rage?"

Ya ɗago ya dube ni. Da na ga idonsa ya ciko da hawaye, sai tausayinsa ya kama ni.

"Ya waladi, ɗana, kwana tara ban tuna da Baƙi'a ba, ko sau ɗaya. Kuma wallahi in aka ce gobe jirgin nan zai tashi, binsa zan yi."