Hanci da Waken Ƙofar Dundaye

Har yau ba na cin ƙosan ofis. Ko taro aka yi aka raba a leda, sai in tura wa na kusa da ni. Masu tsokana suna cewa yanga ce irin ta matan unguwar Arkilla. Ni dai na san abin da ke tayar mini da zuciya, kuma waken ba shi da laifi.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwajin abinci a nan Sakkwato, ni ce mai kula da wata na'ura da aka kawo mana gudummawa. Sunanta a takarda dogo ne, ion mobility spectrometer, amma tun zuwanta muka raɗa mata Hanci, don aikinta ke nan, shinshina. Irinta ce ake gwada jakar matafiyi da ita a filin jirgi ana neman ƙwaya ko abin fashewa. Tamu an saita ta ne ta nemo maganin ƙwari a hatsi da busasshen kifi.

Aikinta ba tsafi ba ne. Za ka goga ɗan ƙyalle a jikin abin da kake zargi, ka zura mata. Sai ta ɗumama ƙyallen, abin da ya maƙale ya tashi ya zama tururi, ta ɗora wa ƙwayoyin tururin cajin lantarki, ta kora su cikin wani ɗan bututu, busasshiyar iska mai tsabta tana tunkaro su daga ɗaya bakin. Ƙananan ƙwayoyi su riga isa, manya masu faɗi iskar ta riƙe su su makara. Kowane sinadari da lokacin isowarsa, kuma duk tseren bai kai ƙiftawar ido ba. A allo sai ka ga layi ya yi tsini daidai gurbin sinadarin, ta kuma yi ƙara. Sharaɗinta shi ne iskar ɗakin ta zama ba komai a cikinta. Shi ya sa kafin kowane gwaji ake fara zura mata farin ƙyallen da bai taɓa komai ba, a ga layin ya kwanta. In bai kwanta ba, duk abin da ta faɗa bayan nan shirme ne. Ko ya kwanta ma, maganarta zargi ce kawai, sai an aika abin wani babban ɗakin gwaji ya tabbatar kafin a hukunta mutum.

Saboda Hanci na bar shafa turare ranakun aiki. Humrar da aka haɗa mini ta aure tana nan a kwaba tana tsufa. Innata ba ta taɓa yafe wa na'urar nan ba. Duk sanda na je gaishe ta sai ta shinshina gyalena ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin da ke mayar da mace randa ba, ba ƙamshi ba wari. Ina dariya, amma ban fasa ba, don na ga yadda ɗigon turare a yatsa yake rikita allon nan.

A Ƙofar Dundaye aka haife ni, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na wani dattijo abokin mahaifina, wanda muka taso muna ce wa Baba. Wake yake sayarwa a kasuwa tun ban san kaina ba. Kowa ya san abin da wasu masu hatsi ke yi in suna tsoron ƙwari su ci musu kaya: su yayyafa fiya-fiya, maganin nan na kashe sauro da kyankyasai, su ɗinke buhu, mai ci ya ji da kansa. Baba bai taɓa yi ba. Toka yake sawa da busasshen barkono, wanda mu a nan muke ce wa tonka. Wakensa sai an sha tankaɗe da wanki, mata suna mita suna saye, don sun san abin da suke kai wa yaransu. Ba shi da wata babbar rumfa, ba shi da mota. Abin da ya tara a tsawon shekarun nan shi ne a ce waken wane ne, a ɗauka ba tambaya.

Sai aka yi wani suna a unguwar Mabera, aka ci shinkafa da wake, mutane da dama suka kwanta da amai da gudawa. Allah Ya sa kowa ya tashi. Ba wanda ya tambayi ruwan da aka yi zoɓo da shi, ko naman da ya wuni a rana. Aka ce wake ne, aka tambayi mai jego inda aka sayo, aka ce wurin Baba. Kafin ka ce kwabo an garƙame masa rumfa, an kwaso buhunansa duka an jibge a sito ɗin ofishinmu. Ya zo har gida ya same ni, tsoho da shi, hula a hannu. Bai roƙe ni komai ba. Cewa ya yi tunda an ce akwai ƙarfen da ba ya ƙarya, hankalinsa ya kwanta.

Washegari na shiga wurin shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Oga, na gaya masa mai waken nan kamar uba yake a wurina, in akwai wanda zai yi gwajin a ba shi. Ya ce duk ofishin waye ya san ko inda ake kunna ta in ba ni ba. Sannan ya washe baki ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, wani babba yana tafe daga hedikwata ya ga na'urar da aka ba mu, sai a yi gwajin a gabansa.

Ranar da baƙon zai zo, tun daga baranda wani wari ya tare ni. Jiyanta da yamma na rufe ɗakin da hannuna, na manta Oga yana da nasa makullin. Ashe bayan na tashi ya shiga duba inda zai sauki baƙo, ya ga sauro a bayan kabad, ya ga kyankyaso guda ya gilma. Sai ya sa aka fesa fiya-fiya lungu da saƙo, aka rufe tagogi don ya kama. Da safe da warin ya yi yawa, ya aika gida aka kawo kasko da turaren wuta, aka turara ɗakin har hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. An rataya sabon labule, an feshe shi da turare. A kan Hanci kanta an shimfiɗa ɗan ƙyalle mai ado, an ɗora furen roba. A garinmu ba a saukar babban baƙo a ɗakin da ba ƙamshi, wannan na sani, haka aka rene ni. Amma gyaran gangar Auzinawa irin wannan ban taɓa gani ba.

Na kunna ta, na zura farin ƙyalle. Layin ya miƙe tsaye daidai gurbin fiya-fiya, ta kama ƙara. Na canza wani ƙyallen, haka. Na sami Oga a baranda yana gyara zaman hularsa a gilashin taga, na ce gwaji ba zai yiwu yau ba, ɗakin ne da kansa yake cike da abin da muke nema.

"Mutum yat taso tun daga nesa, mu ce mai mi?" ya ce, bai ko juyo ba. "Mu ce mun hwesa magani? Ke dai goga ki sa mata. A bar kaza cikin gashinta."

Baƙon ya iso, mutum mai fara'a, babbar rigarsa ita ma tana tashin nata turaren. Aka ba shi kujera dab da na'urar, ma'aikata suka cika ƙofa, mai ɗaukar hoto ya durƙusa. Na goga ƙyalle a waken Baba na zura. Ta yi ƙara. Wasu suka yi salati, wani ya ce mutane ba su da tsoron Allah, Oga ya girgiza kai irin na wanda abin ya yi wa ciwo.

Na ce wa baƙon, ranka ya daɗe, a ba ni izini in nuna wani abu. Na ɓare sabon ƙyalle daga takardarsa a gaban kowa, na ɗaga shi sama, na zura. Ta yi ƙarar nan dai, tsinin ma bai ragu ba. Na ce ga shi, wannan bai taɓa wake ba, jiya aka fesa maganin a ɗakin nan.

Har na soma jin sanyi a raina. Sai Oga ya yi dariya. Ya ce ai wannan shi ke nuna ƙarfin gubar, daga ɗan waken da aka shigo da shi har ta game ɗaki. Ya rage murya, amma yadda kowa zai ji, ya ce a yi mini uzuri, mai kayan maƙwabcin gidanmu ne, kamar uba yake a wurina. Maganar da na kai masa da ƙafata don in fita haƙƙin aiki, ita ya ɗauko ya shafa mini.

Baƙon ya dube ni da tausayi, kuma tausayin nan ya fi zagi ƙona mini rai.

"'Yata," ya ce, "zumunci daban, aiki daban."

Aka tafa masa. Aka wuce cin abinci. Ni kuwa na tsaya a ɗakin da warin maganin da na turaren suka cakuɗe, ban san sanda na ruga bayi na amayar da karin kumallona ba.

Labari ya riga ni isa Ƙofar Dundaye. Aka ce na'urar Turawa ta kama shi, har ɗiyar maƙwabcinsa ta so rufa masa asiri abin ya gagara. Matan da suka shekara suna sayen wakensa suka koma lissafin duk ciwon cikin da yaransu suka taɓa yi.

Da na koma ofis na cire labulen na jefar da furen, na buɗe tagogi, na canza ƙwayoyin da ke busar wa Hanci da iska, na bar ta tana gasa cikinta kwana da kwanaki har ragowar maganin ya ƙone. Ranar da layin ya kwanta lafiya, na je sito na ɗebo daga kowane buhu, sama da tsakiya da ƙasa. Na gwada ɗaya bayan ɗaya, ina sa farin ƙyalle a tsakani. Ko motsi layin bai yi ba a gurbin fiya-fiya. Don kada a ce ta lalace ne, na sa mata ɗan maganin da muke ajiyewa na auna lafiyarta, ta yi ƙara yadda ya kamata. Na kira Oga ya tsaya a kaina na sake yi a gabansa. Ya kalla har ƙarshe, hannu a baya. Na ce a aika babban ɗakin gwaji su raba gardama. Ya ce magana ta riga ta kai sama, bakin alƙalami ya bushe, za a ƙone kayan a bayan gari. Bayan 'yan kwanaki kuwa aka nuna mana hoton hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi a wani fili. Ban taɓa sanin wake yana hayaƙin taya ba.

Ana gab da kama azumi, na shigo da safe na tarar da ƙullin leda babba a kan teburina, kowane tebur da nasa. Aka ce tallafin azumi ne daga Oga, a yi ƙosan buɗa-baki. Na kwance. Toka ta ɗan tashi, ga guntayen tonka jajaye a tsakanin ƙwayoyin.

Na leƙa ta taga. Wanda ya ce mutane ba su da tsoron Allah yana ɗaure nasa a bayan babur, yana jan igiya da haƙori. Direban Oga yana cusa buhu sukutum a but ɗin mota. Ba wanda ya sunkuyar da kai. Waɗannan mutanen suna da yara, kuma ba mahaukata ba ne da za su kai wa yaransu guba. Sun yarda da gwajina sarai, har cikin tukunyarsu. Abin da ba za su iya ba shi ne su buɗe baki su ce an yi kuskure a gaban baƙo. Ban taɓa jin ƙyamar mutanen da nake gaisawa da su kullum irin ta ranar ba.

Na tare keke mai ƙafa uku na ɗora ƙullin a cinya, sai Ƙofar Dundaye. Baba yana zaure a kan tabarma. An buɗe masa rumfar tuni, amma ba kaya, ba kuma mai tsayawa, sai ya bar fita. Na gaishe shi na ajiye ledar a gabansa, na gaya masa komai, tun daga farin ƙyalle har zuwa abin da na gani ta taga. Ya zura hannu cikin waken, ya ɗebo ya bari yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Ya tsinci guntun tonka guda ya daɗe yana dubawa.

"Su duka sun ɗauka?" ya tambaya.

Na ce duka.

"Har shi babban naku?"

Na ce shi buhu ya ɗauka.

Na zaci zai yi Allah Ya isa, ni ma na shirya in taya shi. Sai ya gyaɗa kai a hankali, ya ce to alhamdu lillahi, ashe sun sani. Ya ɗaure bakin ledar da kyau, irin ɗaurin da ya saba yi wa masu saye, ya turo mini.

"Kai ma innakki ta yi muku ƙosai, ɗiyata. A wanke shi da kyau saboda tokar. Ba komi cikinai."

Inna ta yi ƙosan ranar da aka kai azumin farko, ta aika masa da nasa a kwano. Rumfar kuwa wani ne a cikinta yanzu, in ka bi ta gabanta tun daga nesa kake jin warin fiya-fiya, kuma ba wanda ya taɓa kawo mana wakensa.