Tauraron da Na Sa Aka Buga wa Kwabo

Ɗan kawuna wanki da guga yake yi, yau shekara ashirin da ɗoriya, a wani shago da in ka buɗe hannu za ka taɓa bangon nan da na can. Ni na raɗa masa Sarkin Sulalla. Shi kuma Rediyo yake ce mini, wai in na ga kyanwa da safe, kafin azahar ta zama zaki.

Daga aljihun mutane abin ya samo asali. Kafin ya jiƙa kaya sai ya laluba, mutane kuwa ba abin da ba sa mantawa: makulli, ƙwayar magani, tsohon kwabon wata ƙasa. Ba ya riƙe na kowa. In mai kaya ya zo zai nuna masa, ya roƙa a bar masa, ya goge riga biyu kyauta. Da haka ya cika akwatin katako, kowane kwabo da ɗakinsa da shimfiɗarsa kamar jariri. Ta gefe yake kama su, yatsa ba ya hawa fuska. Na taɓa yin atishawa kusa da akwatin, ya yi wata bai kula ni ba. To, kwana biyu ne.

Burinsa ɗaya a duniya, kwabon gwaji. Ya ce kafin a fito da sabon kuɗi akan buga 'yan kaɗan a gani, in ba su yi ba a narkar, sai ɗaya ko biyu su tsira. Wanda yake nema kamar sauran yake, sai dai ɗan tauraro a ƙarƙashin shekarar. Na ji zancen tauraron nan har kunnena ya yi kanta.

Sai shaiɗan ya raya mini. Na kai wani tsohon kwabo wajen mai yin hatimi ya buga masa tauraro, na shafe shi da toka da baƙin mai, na zura ta yagaggen aljihun wata kwat da ta shekara uku a rataye a shagon, mai ita bai dawo ba. Na ce, “Sarki, kwat ɗin nan kamar tana ƙara.” Niyyata ya yi tsalle, in yi dariya, in faɗa masa kafin la'asar.

Bai yi tsalle ba. Ya zauna a kan ƙullin wanki, ya ce, “Rediyo, rufe ƙofar nan.” Na ga ruwa a idonsa. Na fasa dariyar, na ce a raina sai gobe. Gobe ta yi, ya rufe shago ya tafi neman mai kwat ɗin, wai haƙƙinsa ne. Kwana biyu yana yawo bai same shi ba, ni kuma bakina kamar an ɗinke.

Duk Asabar da hantsi wasu dattawa huɗu masu tara sulalla kan haɗu a falon wani tsohon ma'aikacin banki. Shekara shida ɗan kawuna yana zuwa, a kujerar bakin ƙofa yake zama, “mai guga” suke ce masa. Ranar ya sa rigar da ta fi kowacce, karin gugarta sai ya yanka tumatir. Na bi shi da nufin in faɗa masa a hanya. Muka wuce kwanar titi uku, a kowacce ina cewa sai ta gaba, har muka yi sallama.

Da ya fito da kwabon, suka matso masa da kujera tsakiya. Mai gidan ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, ya sa tsinke ya ɗan kankare.

“Mai guga,” ya ce, “kwabon nan ya girme ni, amma tauraronsa bai yi sati biyu a duniya ba. Dubi cikinsa, ƙarfen sabo fil.”

Wani tsohon malamin makaranta ya cire tabarau. “Da hannunka ka yi, ko sawa ka yi aka yi maka?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe na ce, “Baba, ni ne. Wasa na yi masa, wallahi bai san komai ba.”

Malamin ya dube ni sama da ƙasa. “Ba kai ne bara ka ce mana an zo da jirgi daga ƙasar waje don a ga akwatinsa ba?”

“Ni ne, Baba, amma wannan...”

“Zauna, ɗana. Ɗan'uwa rabin jiki, mun gane. Rufin asiri ka zo yi.”

Rana ɗaya da na faɗi gaskiya tsirararta, ba wanda ya saya.

Ɗan kawuna ya naɗe kwabon a ƙyallensa, ta gefe ya kama shi duk da haka, ya yi musu sallama. Sai da muka kusa shago ya yi magana, bai ko dube ni ba.

“Da a shago ka yi mini dariyar, ai da tare za mu yi.”

Asabar ta gaba na ja mai yin hatimi har falon, da ƙarfen da ya buga tauraron. Suka gwada, ya zauna daram. Suka yarda, mai gidan ya aiko ni in ba ɗan kawuna haƙuri, in ce kujerarsa na nan. Na isar da saƙon yana guga. Ya ce ya ji, ya gode. Asabar bakwai ke nan bai je ba.

Jiya na kai masa riguna biyu, na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Ran Sarkin Sulalla ya daɗe.” Na jira ya rama. Ya laluba aljihun rigunan, ya miƙo mini makullina da na manta.

“Malam, ka dawo ranar Talata,” ya ce.